Takalman Malami Mai Bin Sawu

Ranar Asabar da azahar mata suka je ɗaukar garin suna, suka tarar da ɗakin injin Inna Hure wayam. Buhu huɗu na garin gero da dawa, babu ko ɗaya. Farantan ƙarfen nan biyu masu murƙushe hatsi a cikin injin, an kwance su an tafi da su. Ƙofa kuwa tana nan da kwaɗonta, ba a fasa ba, ba a ɓalle ba.

Garin nawa ne, shi ya sa har yau in ina ba da labarin nan sai kunya ta kama ni. Matata Khairat ce ta haihu, suna ranar Litinin, na tattara abin da na noma na kai niƙa. Sunana Bala. Shekara ashirin ina kabu-kabu tsakanin garinmu Tungar Kaiwa da Anka da Bukkuyum, har furfura ta same ni a kan babur.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Tun da sassafe gari duka yana gayyar yankan gero a gonar Maigari, namiji ɗaya ne mai lafiya bai je ba. Jiya ma ba a gan shi a Juma'a ba. Makullin ɗakin kuma biyu ne kacal, ɗaya a wuyan Inna Hure, ɗaya a aljihun Namadi, mai yi mata aikin inji.

Ba sai an gaya wa ɗan garinmu wane ne Namadi ba. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta shigo mana ta cikin dutsen zinari, a tsakar gidansa aka fi niƙa dutsen. Ƙurar ta kashe ɗansa Salim, ta tsallaka danga ta kashe autar Inna Hure. Da aka zo kankare ƙasar gidaje ya shiga aikin kamar zai kashe kansa, muka ce ya yi hankali. Bayan shekara shida sai ga shi an kama shi a Gummi da babur na sata, ya yi wata takwas a gidan yari. Da ya fito ko sallamarsa ba a cika amsawa ba. Inna Hure ce kaɗai, wadda ta fi kowa dalilin ƙinsa, ta kira shi ta damƙa masa makulli. Mun ce tsufa ya fara taɓa ta, ba ta kula mu ba.

*

Kafin la'asar an kawo Namadi zauren Maigari. Ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye, ƙafa ba takalmi. Aka yi tambayar duniya, bai ce uffan ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Alhaji Sufyanu, ƙanen mahaifinsa. Shi ya riƙe Namadi tun yana maraya, shi ya yi masa aure, kuma duk abin da Namadi ya taɓa yi a duniya, mai kyau da marar kyau, in ka bi shi a hankali za ka tarar da Alhaji tsaye a bayansa yana gyara hula. Kowa ya san haka, amma mutum ne mai hannu sake, ba a faɗa da ƙarfi.

"Ranka shi daɗe, ni na gaji," in ji Alhaji. "Yaron ga ya zubar min da mutunci sau biyu, wanga na ukku. Ku kore shi, shi tahi inda ba a san ni ba. Ku tambayi Abdulrashid bakanike na Bukkuyum, can shika kai kayan ƙarhe."

Wani ya ce ai shanun Hayatu makiyayi sun bi ta bayan ɗakin da hantsi, ƙila da shi aka haɗa baki. Ni kuwa na ce ko da wa aka haɗa, Namadi ya bar mana gari. Da bakina na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Maigari ya yanke cewa in ta tabbata, kafin a raɗa wa ɗana suna Namadi ya kwashe iyalinsa. A nan ne Namadi ya ɗago kai karo na farko. Ba mu ya kalla ba, ya kalli gabas, wajen maƙabarta, inda Salim yake.

Inna Hure ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Injin nawa na, Maigari. Ni anka yi ma ɓarna. A kiro Malami tukun."

*

Malami mai bin sawu yana zaune a bayan garin Anka. Taubashina ne, don haka ba a shiga tsakaninmu. Tsohon maharbi ne, siriri, mai tafiya kai a ƙasa kamar ya yar da allura. Takalmansa na tayar mota ne, kuma a diddigen kowanne ya yanka alama mai yatsu uku irin ƙafar kaza, don kada sawunsa ya rikice da na wanda yake bi. Daga Anka har Gummi, in aka ga ƙafar kaza a turɓaya an san wanda ya wuce, kuma an san ba wajen banza ya je ba.

"Kai da anka sace ma gari, tumbin ga bai ragu ba," ya ce da na je ɗauko shi, yana hawa babur.

"Hau dai, tsoho, kada iska ta ɗauke ka."

Da muka isa, ya kori jama'a baya, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin inji ya daɗe bai shiga ba. Sannan ya tsuguna ya taɓa daɓen da yatsa.

"Hure, wace irin ƙasa kika zuba ma ɗakin ga?"

"Ni ban zuba komi ba. Baƙar ƙasa ta, da man inji."

Sai a lokacin muka lura. Ƙasar ɗakin ja ce, sabuwa, an baje ta an daddaɓe. Malami ya tona gefen bango da tsinke, ya auna da yatsunsa. An kankare tsohuwar ƙasar kamar zurfin yatsa huɗu, an kwashe, an kawo wata. Mazubin injin kuma an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma har yana ƙyalli.

Na ce, "Ya ɓad da sawu ke nan."

"Mai ɓad da sawu tsintsiya shika sa, Bala. Wanga aikin galma da kwando na. Ya hi awa ukku." Ya juya ga Inna Hure. "Yaushe kin niƙa garin?"

Ta ce ta je ta'aziyya Gummi ranar Alhamis, da niyyar sai Asabar, amma ta sami mota ta dawo Juma'a da yamma. Ba ta ga Namadi ba, hatsin suna yana jira, ta buɗe da makullinta ta niƙa da kanta. Injin dai ta ji kukansa ya shaƙe, kamar haƙoransa sun dakushe, ta ce sai Namadi ya zo ta yi masa faɗa.

Malami ya zagaya baya. Shanu sun tattake ko'ina, sai can gindin wata aduwa, taku talatin daga ɗakin, ya durƙusa. Ya daɗe yana duba wasu sawaye da tofin goro da ya bushe. Ya yaga ganye ya saki, ya ga inda iska ta kai shi.

"Jiya ma haka iska tab bi?"

Na ce duk makon nan daga gabas take zuwa. Ya gyaɗa kai, ya rufe wurin da ƙaya.

*

Abin da ya fi tunzura gari shi ne na tsohuwa Surayya. Ita kaɗai Inna Hure ta ƙara yi wa niƙa ranar Juma'a bayan hatsin suna, mudu ɗaya tak, ta kai gida ta ajiye a ƙwarya. Da ta dawo daga kai wa masu gayya ruwa, babu gari babu ƙwarya.

"Ƙwaryar aurena, Malami!" Tana magana tana tafa hannu. "Ga rediyona bisa gado, ga kajina, bai taɓa ba. Sai mudu guda na tsohuwa. Wane irin marar imani na wanga?"

"Kin taɓa garin? Kin ɗanɗana?"

"Ina niɗ ɗanɗana? Da sauran tuwon jiya nik kwana."

"Alhamdu lillahi," in ji Malami. Tsohuwa ta bi shi da harara, ta ɗauka ba'a yake yi mata.

Daga nan muka shiga zaure. Malami bai tambayi Namadi gari ba, bai tambaye shi faranti ba. Ya zauna a gabansa, ya kama ƙafarsa ya juya tafin kamar mai sayen akuya. Ƙafar fes take, har ƙarƙashin farce an goge, amma ƙaya ta yi mata tsaga sababbi.

"Ina takalmanka, Namadi?"

"Sun ɓace."

"Rigar da kas sa jiya hwa?"

"Ita ma."

"Allah shi mayar da alheri," in ji Malami, ya tashi. Da muka fito na ce masa wannan ai ba bincike ba ne, duba marar lafiya ne. Ya ce in shirya babur da sassafe.

*

Lahadi muka buga sammako zuwa Bukkuyum. Abdulrashid bakanike yana jin abin da ya kawo mu ya bushe da dariya. Ya ce farantan Inna Hure shi ya sa mata su shekara uku da suka wuce, yanzu ko kyauta aka ba shi sai ya yi tunani, kuma rabonsa da Namadi tun bara.

"Baffan nashi dai nig gani," ya ƙara yana goge hannu. "Sati biyu ke nan. Wai in samo mishi injin aro na wuni guda, zai niƙa kanwar shanu. Nic ce Alhaji, kanwa turmi ya ishe ta. Ya yi hushi yat tahi."

Malami bai nuna ya ji ba. Ya ja ni cikin kasuwa ya sayi garin gero mudu biyu, ya ƙulle a jakarsa. Na ce in yunwa yake ji ai da ya yi magana, gidan mai jego ba a rasa kunu. Ya ce in tuƙa, bakina ya fi injin babur ɗina ƙara.

A hanyar dawowa muka ratsa rugar Hayatu. Ya riga ya ji ana ambaton sunansa, ya tarbe mu fuska a murtuke, sanda a kafaɗa. Malami ya gaishe shi da Fulatanci, ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya sauko ya sa aka kawo mana nono.

"Na ga mutum," in ji Hayatu. "Da jaki, ya yi sawu ukku ko huɗu. Ya naɗe huska da tsumma, ban gane shi ba. Ba hanyar kasuwa yab bi ba, tudun marmara yan nuhwa. Da nic ce in bi nan da nagge, sai yad dinga ɗaga hannu shina ihu in kore su, in yi nesa. Nic ce mahaukaci na."

Tudun marmara wuri ne da ba a noma, ba rijiya, ba rafi kusa. Tun daga gindinsa Malami ya tsinci sawun jakin, da sawun takalmin roba mai cin gefe ɗaya. Ya bi, ina biye da shi, har bakin wani tsohon rami da aka cike da sabuwar ƙasa, aka jera duwatsu a kai, aka lulluɓe da ƙaya.

"Tsaya nan, ta inda iska ka zuwa," ya ce. "Dubi ƙasa, ka hwaɗa min abin da kag gani."

Na duba. Sawun takalmi ya zo har bakin ramin. Daga ramin kuma sawun da ya fita na ƙafa ne tsirara, ya gangara cikin ƙaya, ya yi arewa wajen wani kududdufi.

Malami ya ɗaure hanci da rawaninsa, ya ture duwatsu biyu, ya tona kaɗan da sanda. Takalman roba ne suka fara fitowa, da riga a nannaɗe, da ɓarin ƙwarya mai zane. A ƙarƙashinsu bakin buhu. Ya zaro wani ɗan dutse daga aljihu, wanda ashe tun jiya ya tsinta a bayan ɗakin inji, ya ɗaga mini daga nesa. Toka-toka ne, yana walƙiya.

Na zauna a ƙasa. Na san dutsen. Duk wanda ya haƙa ƙananan kaburbura a shekarar nan ya san shi. Kuma na tuna abin da masu aikin kankare ƙasa suka koya mana: a kwashe yatsa huɗu, a kai nesa da ruwa, a binne, kada a shiga gida da takalmi ko rigar aiki, a yi wanka kafin a taɓa yaro. Mu mun manta rabi. Mutum ɗaya bai manta ko ɗaya ba.

An niƙa dutse a injin ranar Juma'a, Inna Hure ta zo ta niƙa hatsina a kai. Da garin nan ya kai Litinin, yaran garinmu duka za su ci tuwon sunan ɗana, da nawa huɗu a gaba. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar Malami ba.

"To mi yah hana shi magana?" na ce da na samu murya.

"In ya yi magana, sai ya hwaɗi wanda yab buɗe ƙohwa, shi na. Sai kuma ya hwaɗi wanda yak kawo dutsen." Malami ya mayar da ƙasa, ya wanke hannu da ruwan gorarsa har sau uku. "Ƙahwa ta gaya min abin da yay yi jiya. Ba ta gaya min abin da za shi yi gobe ba. Shi nika son gani."

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Maigari, har da mata da yara, don Malami ya ce kowa ya zo. Aka zaunar da Namadi a tsakiya. Hayatu ya zo ya tsaya a gefe. Alhaji Sufyanu yana kan kujera, jikarsa Raihana, 'yar shekara biyar, tana wasa da carbinsa.

Innata ta fito da ƙatuwar ƙwarya ta kunu, wanda ta dama da garin Bukkuyum. Mu uku kaɗai muka san haka, ita da ni da Malami.

"Jama'a, an ga gari," in ji Malami. "Tudun marmara anka ɓoye shi, cikin rami. Lahiya lau shike, suna ba ya hwashi. Na ɗebo mudu biyu an dama. Ku turo ɗiya su sha sadaka, kahin mu yi maganar ɓarawo."

Yara suka yo caa da ludaya. Ni idona yana kan Namadi. Ya dubi baffansa, kallon da na sha ganin yana yi masa tun muna yara, kallon mai jiran a ce masa yi ko bari. Alhaji ya ɗan girgiza masa kai, kaɗan ƙwarai.

Ludayi na farko bai kai baki ba. Namadi ya yi tsalle ya haure mutum biyu, ya faɗa kan ƙwaryar da ƙirjinsa, kunu mai zafi ya wanke shi. Yana bugun ludaya daga hannun yara yana ihu da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Kada ku sha! Dalma ta! Dutse munka niƙa! Ni nib buɗe ɗakin, ni nit tada injin! Ku kashe ni, amma kada su sha!"

Wuri ya kaure, iyaye mata suna fizgar 'ya'yansu. Malami ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya tsuguna, ya lakato sauran kunun daga gindin ƙwarya ya kai baki.

"Garin Bukkuyum na, jiya-jiya anka niƙa shi. Wancan yana cikin rami inda mai shi yab binne shi." Ya miƙe, ya juya wajen kujera. "Alhaji, ina Raihana?"

Yarinyar tana bayan babbar rigarsa, ya damƙe mata hannu har tana kuka, ludayinta a ƙasa.

"Tun kahin Namadi shi motsa kaj janye ta," in ji Malami. "Idona na kanka. Ɗiyan mutane ashirin na gaban ƙwarya, kai kuma bakinka rufe. Wa yag gaya maka akwai abin tsoro cikin kunun ga?"

Alhaji ya fara rantse-rantse. Malami ya ce kada ya wahalar da kansa, akwai sawu a gindin aduwa an rufe da ƙaya, na takalmi sau-ciki mai sabon dunduniya, na mutumin da ya tsaya ya ci goro biyu ta inda iska ke zuwa, taku talatin daga ƙura, ya bar wani a ciki. In yana so a je a gwada. Alhaji ya dubi takalmansa.

Sai Namadi ya faɗi sauran, yana zaune cikin kunu. Baffa ya zo masa ana shirin Juma'a da buhu biyu, ya ce jar kanwa ce ta shanu. Ya ce masa Hure bawa ta mayar da shi, jininsa kuwa ko alfarmar awa ɗaya ba zai yi masa ba?

"Hannu na hwarko da niz zuba nig gane ba kanwa ba ta. Ban kashe injin ba. Ya ce min ƙarasa, niƙ ƙarasa. Nic ce in na raka mishi kaya bakin hanya sai in dawo in kwance komi in wanke. Da nid dawo, Inna ta riga ta niƙa." Ya share fuska. "Babur ɗin Gummi ma shi yab ba ni in kai. Ban taɓa iya ce mishi a'a ba."

*

Aka tsare Alhaji a zaure kafin a kai shi Anka wurin hukuma. Saura Namadi. Maigari ya daɗe yana shafa gemu.

"Ya ceci ɗiyanmu, gaskiya ta. Amma shi yab buɗe ƙohwa, ita ma gaskiya ta. Hure?"

Inna Hure ta zo ta tsaya a kansa, ta miƙa hannu. Ya zaro makullin ya ba ta. "Ban yahe ba yau, Namadi," ta ce. "Ban san ran da zan iya ba. Amma ban ce a raba ka da kabarin ɗanka ba."

"To wa za shi tsaya mishi?" in ji Maigari. "Sau ukku ana jan shi da hanci. In anka sake, wa za mu kama?"

Aka yi tsit. Ni da ya ceci 'ya'yana huɗu, na buɗe baki na rufe. Tsoro nake ji, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan.

Malami ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya kaɗe su, ya ajiye a gaban ƙafafun Namadi masu tsagar ƙaya.

"Sa."

Namadi ya dube shi bai gane ba.

"Shekara arba'in ina tahiya da alamag ga, ba a taɓa ganin ta ƙohwar abin kunya ba. Daga yau duk inda kat taka, ni za a ce na je. Maigari, in anka sake, ni za ku kama." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka kula inda za ka kai ni."

Namadi ya sa takalman da hannu biyu, yana kuka kamar yaro. Na goya Malami zuwa Anka da ƙafa tsirara, kuma a duk tsawon hanyar ban iya tsokanarsa ko sau ɗaya ba. Na ga jarumai a daji da kan hanya, amma ban taɓa ganin wanda ya cire sunansa ya shimfiɗa wa wani ya taka ba sai ranar.

Malaman lafiya suka zo suka auna ɗakin, suka ƙara kankare kusurwa ɗaya, suka duba jinin Inna Hure da na Namadi. Aka yi sunan ɗana da tuwon turmi. Bayan wata biyar Alhaji ya dawo gida a kan beli, ya rage fita, amma yana aika gaisuwa.

Malami yakan sa in ɗauko shi duk bayan wata biyu. Sabbin takalmansa ba su da alama. Sai ya zagaya gari kai a ƙasa yana bin sawun ƙafar kaza da Namadi ya bari, ya sha fura a gidana, ya ce in mayar da shi. Zuwansa na bayan nan na kasa haƙuri.

"To, tsoho, ina da ina kaj je wanga karo?"

"Gona. Masallaci. Maƙabarta, kullum. Ɗakin inji kuma, na ga na koma shiga da sahe." Ya kurɓi fura. "Ran Talata na je ƙohwar gidan Sufyanu."

Na matso kusa da shi. "Ka shiga?"

"Na daɗe tsaye, har diddigena ya nutse cikin ƙasa." Ya ajiye ludayin ya goge baki. "Sannan nij juya gida. Tada babur, Bala."